Baki na Goma Sha Biyu

A gwangwanin biskit na mahaifiyata
nake ajiye su, goma sha ɗaya,
kowanne a naɗe cikin safar da ta rasa 'yar'uwarta.
Bakin saksofon tena. Abu bai fi babban yatsa ba,
amma ya cinye min kuɗin haya na wata huɗu
da rabin haƙurin matata, Ximena.

Na farko baƙar roba ne, muryarsa a shaƙe
kamar mai magana da bargo a ka.
Na biyu ƙarfe, daga hannun wani matuƙin jirgin ruwa:
in na busa shi a mashayar bakin tasha
kofuna su ɗau rawa, mai ganga ya harare ni,
karnukan tuddan Valparaiso su amsa daga sama.
Na shida don sunan da ke jikinsa na saya.
Suna ba ya busa.
Na tara, har yau ban faɗa wa kowa kuɗinsa ba.

Abin da nake nema ba ya kan kanta.
Wata murya ce mai kauri daga can ƙasa,
da ɗan yashi a gefenta,
irin ta jirgin dakon kaya in yana sallama da gari
ƙarfe biyar na asuba,
sa'ad da masu gasa burodi kaɗai ke farke.

Na kwashe su na kai wa Don Arsenio,
mai shago a gindin matakala ɗari da sittin.
Ya shimfiɗa sanfefa a kan madubi,
ya goga sau uku, ya hure,
ya auna da wani ƙarfe siriri kamar gashi.
Ya ce, "Busa." Na busa.
Ya ce, "Haƙoranka na gaba sun karkace,
kuma kana cizo kamar mai bin bashi.
Wannan ba aikin magagari ba ne."
Ya karɓi kuɗinsa duk da haka.

Wata Laraba ana sheƙa ruwa
wuta ta ɗauke, keken hawa tudu ya tsaya cak
da ni da Nelida Oyarzun a ciki,
akwatinta a gwiwa, nawa a gwiwa.
Ashe ita ma gwangwani gare ta a gida, na shayi.
Ta ce, "Wannan ya ishe ni, kukan agwagwa yake."
Na ce, "Ni nawa tsawa yake, ba ya jin lallashi."
Muka yi musaya kamar yara da alewa.

Na goge nata da gefen rigata.
Ga gurbin haƙorinta a sama,
ga tsaga a gindi, an ɗaure da zaren kamun kifi.
Na jiƙa harshen kara, na ɗaura, na ja numfashi.

Sautin ƙasa ya fito bai nemi izini ba.
Katakon keken ya ɗauka, tafin ƙafata ya ji,
wata tsohuwa mai jakar albasa ta daina mita.
Ban matsa ba, ban roƙa ba.
Iska ta shiga kamar ta san gidan.
Nelida kuwa ta sa ƙarfen nan nawa
mai tada karnuka,
a bakinta ya koma zuma mai ɗumi.
Na ji haushi kaɗan, ba zan ɓoye ba.

Wata bakwai ke nan.
Yana da halinsa: in gari ya yi sanyi
sai ya yi min tsuwwa a sautin sama,
zaren kuma yakan kwance.
Na bar shi haka.
Ximena ta zuba maɓallai a gwangwanin,
sauran goman na aljihun tebur, ba na buɗewa.

Jiya da dare Nelida ta bugo.
Wai ta ji labarin wani a Santiago,
na tagulla, mai shi ya rasu, ɗansa na sayarwa.
Ko zan raka ta ran Asabar?
Na ce mata ni kam na gama nema.
Na yi shiru.
Na ce, motar ƙarfe nawa?