Akwati Biyu a Adum

Sidi dubu da ɗari biyu na ƙulle a aljihu,
ragowar ɗinkin sallah, bayan haya
da kuɗin makarantar Zuleha.
Memuna ta ce, "Duk wannan don kunne?
Kunnen da ba ya jin kiran tuwo?"
Ban amsa ba. Na hau trotro daga Aboabo.

A Adum, bayan layin masu gyaran waya,
shagon Agyeman bai fi akurki faɗi ba.
Ya share tebur da gefen hannu,
ya ajiye mini akwati biyu.

Na farko fari ne, ɗan gayu,
shuɗiyar fitila na ƙifta ido a goshinsa,
maɓalli bakwai, da jelar da ake soka wa a bango.
Na biyu baƙi, bai kai sandar sabulu ba,
abin murɗawa ɗaya tak,
a jikin kwamfuta yake tsotsar wutarsa.

"Aikinsu ɗaya," in ji Agyeman da Hausarsa ta kasuwa,
"su juya lamba ta zama murya,
su ba muryar ƙafa ta iso kunnenka."
Ya zubo mini lissafi, om kaza, bit kaza,
ina gyaɗa kai kamar na gane.
Ni tela ne, awon kafaɗa na sani.

Ya ce wace waƙa zai sa.
Na ce na zo da tawa.
Kaset ne Baba Gariba ya ɗauka a tsakar gida,
wasiƙar baki zuwa ga ƙaninsa a Salaga
kan farashin goro da rufin da ke yoyo.
Ba a samu mai kaiwa ba.
Shekara talatin yana cikin adaka,
sai bara wani yaro ya zuba mini shi a kwamfuta,
amma muryar can ƙasan rijiya take,
ga ƙara a kanta kamar ana suyar ƙosai.

Farin ya fara.
Ya ɗago Baba da ƙarfi, ya cika masa ƙirji,
ya mai da shi mai wa'azi da lasifika.
Na cire hedifon na ce a'a.
Ubana bai taɓa yin kauri haka ba,
siririyar murya gare shi, kamar zaren lilo.

Baƙin ma da nasa aibin.
In ka murɗa kaɗan, kunnen hagu ke riga zuwa,
na dama sai ya biyo baya yana ɗingishi.
Na ƙara murɗawa, suka daidaita.
Sai ga tarin nan nasa, guda biyu a jere,
ga ƙas ɗin goro tsakanin haƙora,
can baya kuma, nesa, kusa da murhu,
wani yaro na kuka a kan takalmi,
wata mace na cewa, "Mutawakilu, yi shiru, ana ɗauka."

Ban san ina cikin kaset ɗin ba.

Nan take aka ɗauke wuta.
Fanka ta tsaya, Adum ta yi tsaki gaba ɗaya,
shuɗin idon farin ya mutu.
Baba kuwa bai ko numfasa ba,
yana nan yana ƙirga huhun goro a cikin duhu.

Agyeman ya ce dubu da ɗari. Na ce ɗari tara.
Ya rantse da kabarin kakarsa, na rantse da kekena,
muka tsaya a ɗari tara da hamsin,
ya ƙara mini waya gyara.
Canjin na sayo wa Memuna atamfa a Kejetiya,
toshiyar baki.

Da dare ta ce, "Kawo in ji abin da ya ci kuɗin."
Na ɗora mata a kai, bisa ɗankwali.
Tuwo ya huce a kwano.
Sau uku ina kiranta,
ba ta waiwayo ba.