'Yan Haya a Saman Lisbon

Ofishinmu hawa na biyu ne, saman shagon gasa kifi,
a wani lungu na Lisbon inda taragon lantarki
ke goga kafaɗa da bango in zai wuce.
Mu tara ne, da butar shayi ɗaya mai gardama.
Amma layi dubu arba'in da ɗaya
na ɗauke da sunanmu a goshin waya.

Turke ko ɗaya ba mu da shi.
Hau tudun Graça da dare ka duba:
ƙarafan nan masu kyafta jan ido
duk na babban kamfani ne.
Mu iska muke sarowa a wurinsu, buhu-buhu,
mu dawo mu ƙulla ta ƙulli-ƙulli,
na yuro biyar, na yuro goma,
mu manna mata sunanmu da launin ruwan lemo.

Anselmo Furtado ne ya fara,
da kuɗin sallamarsa daga tashar jiragen ruwa.
Ya lura manya ba sa sunkuyawa tsintar tsaba:
mai wankin kwanuka daga Pokhara,
birkila daga Bissau,
tsohuwar da ke kiran tsibirin Fogo duk Lahadi
don kawai ta ji ko an yi ruwa.
Ya ce, waɗannan nawa ne.
Ya ɗauki Sunita ta amsa ƙorafi da harshen Nepal,
Edmilson da Kiriyol,
ni kuma ya miƙo mini littafin lissafi.

To ni na san abin da ke cikin tukunyar.
A yuro goma, biyar da rabi na masu turke ne
tun kuɗin bai huce daga zafin aljihu ba.
Mai kantin da ya sayar da katin ya ciri nasa,
haraji ya ciri nasa.
Abin da ya saura, kar ka yi atishawa kusa da shi.

Da can mintuna muke sayarwa, kiran gida,
har kowa ya koyi kira ta intanet kyauta.
Wata uku Anselmo bai yi aski ba.
Muka koma data, muka haɗa da aika kuɗi gida,
riba ta dawo ta ƙofar baya tana ɗingishi.

Ran da sabis ya ɗauke a Amadora, awa shida,
wayar wasu ce ta tsinke a ƙarƙashin titi,
mu aka zaga.
Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa.
Sunita ta ba da haƙuri har muryarta ta dishe,
ta fita baranda, ta share ido,
ta dawo ta ɗauki kira na gaba.

Jiya aka kira mu sabunta yarjejeniya.
Hawa na ashirin, gilashi har ƙasa,
kogin Tejo a shimfiɗe kamar nasu ne shi ma.
Wata matashiya ta turo takarda da murmushi:
farashin sari ya hau,
kuma su ma za su buɗe ƙaramin layi mai araha.
Na leƙa hoton. In ba idona ba,
launin ruwan lemo ne.

Anselmo ya karanta sau biyu.
Ya sa hannu da bironsa, ya ƙi nasu.

Muna saukowa ya ce, Nélida,
a cikin mutanenmu nawa suka haura sittin?
Na ce wajen dubu shida.
Ya ce, su ba araha suke nema ba,
so suke in sun kira mutum ya ɗauka,
ya san sunan jikarsu.
Lissafa mini wannan kafin Litinin.

Ga ni nan, ƙarfe tara ta gota,
hayaƙin kifi na shigowa ta taga,
ina neman layin da zan rubuta muryar Sunita
a littafin da bai san komai ba sai shiga da fita.