Shekarar Jan-baki

Ni ke da shagon caji a bakin kasuwar Auyo,
waya arba'in a katako ɗaya, kowacce da lambarta.
A bencin ƙofata Barira ta zauna damina biyu
da tsohuwar kwamfutar yayanta mai tsagaggen gilashi,
tana zana tsuntsu ɗigo bayan ɗigo.
Na ce, "Ke, wutar nan fa kuɗi ce."
Ta ce, "Rubuta bashi, Haladu."
Na rubuta. Har yau yana littafin.

Wasan nata ba bindiga, ba mota.
Gonar shinkafa ce, da yaro a kan rumfa,
da gwangwanaye a jikin igiya.
Jan-baki su taho gungu-gungu,
ka ja igiya da babban yatsa, su watse.
Ka yi sako-sako, gidanku ya kwana da yunwa.

Bara war haka ta sake shi.
Ba talla, ba shela,
daga waya zuwa waya ya bi
kamar garwashin da maƙwabta ke ara da asuba.

Yau shekara guda cif.
Bayan la'asar muka baje tabarmi,
Ummakati ta kawo zoɓo a bokiti,
awara ta ƙare tun ba a shafa fatiha ba.
Yaran Kafin Hausa su biyar a babur ɗaya,
wani direban tirela ya aiko murya daga Fatakwal:
"A gaishe min da mai tsuntsaye,
ita ke taya ni jiran lodi."

Baba Mudi ya dogaro sanda ya zo.
Bai taɓa buga wasan ba,
amma "Haaa! Kai!" ɗin da ke tashi a kowace waya
maƙogwaronsa ne, a fadama aka ɗauka.
Ya ce shekara sittin yana ihu ba wanda ya yaba,
yanzu yana barci ana ihu da shi a Maraɗi.

Barira ta miƙe, muryarta na rawa.
Ta ce akwai kuskure a mataki na bakwai,
wani tsuntsu da ke tashi da baya,
za ta gyara.
Wuri ya kaure:
"Kar ki taɓa mana Ɗanbaya!"
Tasi'u tela har ya ɗinka shi a hula.
Ta koma ta zauna,
tana dariya, tana goge ido da gefen mayafi.

Sai gasa. Samari suka gyara zama,
kowa na miƙar da yatsu.
Wa ya cinye? Inna Delu mai ƙuli-ƙuli,
da wayar jikanta,
maki dubu tara da ɗari biyu.
Ta ce, "Me za ku nuna min?
Tun ban fi turmi tsawo ba nake wannan aiki,
kuma a namu in ka faɗi ba a sake farawa."
Kyautarta cajin wata guda, a shagona.
Ba wanda ya shawarce ni.

Ana rabon alewa
sai inuwa ta gifta, ba ta hadari ba.
Wani yaro ya ɗaga kai.
Daga wajen kogi, baƙi ƙirin,
suna murɗawa kamar hayaƙin ƙona kara:
na gaske.

Ba wanda ya ce a tashi.
Wayoyi suka zube a tabarma,
takalma a hannu, aka nausa fadama,
Baba Mudi ya manta sandarsa,
Barira na biye da shi da murfin tukunya.

Ni aka bari da shago.
Waya goma sha uku suna haske a ƙasa,
shinkafar cikinsu na ƙarewa, ba mai jan igiya.
Daga nesa ina jin "Haaa! Kai!"
Daga gindin ƙafata ma ina ji.

Na buɗe littafi, na dubi shafin Barira,
na rufe.
Na leƙa hagu, na leƙa dama,
na ɗauki wayar Inna Delu.
Ashe igiyar da nauyi.