Ƙugi a Akwatin Bappa Njidda

A Garwa, bayan kasuwar kifi,
inda warin Binuwai ke shigowa ta taga,
Bappa Njidda ya dire mini amfilifayarsa
sai da ƙafafun tebur suka koka.
Ta girme ni, ta girmi uwata ma, in ji shi.
"Ƙugi take, Dudu. Muryata ba ta wuce Lagdo."

Na zare soket. Na jira.
Shi ya koya mini tun ban kai tsayin kanta ba:
akwati irin wannan kububuwa ce,
ko an sare kai, dafin yana nan.
Hannu ɗaya a aljihu,
ɗayan da sukundireba mai jela zuwa ƙasa,
na taɓa kan kondensa: tas!
Mutuwa ta yi tari, ta fita.

Kowa ya buɗe, kwalaben yake fara zargi.
Su biyu ne, tsaye kafaɗa da kafaɗa.
Na ɗaga su ga rana, cikinsu garau.
Masu laifin suna can ƙasa:
resista ɗaya ta ƙone kamar gyaɗar da aka manta a kasko,
launin ɗamararta ya goge,
sai a tsohuwar taswira na samo sunanta,
da Faransanci, gara ta ci rabin shafin.
Kondensa uku sun kumbura, sun fitar da gishiri.
Tsakanin farantan saiti kuma
zanzaro ya yi gini, ɗaki biyu da zaure.
Na rushe masa da tsinken tsire.

Wuta ta ɗauke sau biyu kafin la'asar.
Na ɗora ƙarfen dalma a garwashin mai shayi,
na ɗiga, na hura, na ɗiga.

Da magariba na kunna.
Kwalaben suka yi ja a hankali, kamar masu jin kunya.
Na murɗa na dama, allura ta hau,
na murɗa na hagu, ta sunkuya,
can a gindin sunkuyawar na tsaya.
Nan ne wurin. Gashi ɗaya gaba, farantai su yi tartsatsi,
gashi ɗaya baya, murya ta mutu a eriya.
Ɗakin ya yi tsit. Har sauro ina ji.

Bappa ya karkata kai. "Yana nan."
"Me?"
"Ƙugin. Ba ki ji ba?"

Na sake auna taransifoma. Na ƙara ɗaure wayar ƙasa.
Na canza fiyus ɗin da ba shi da laifin komai.
Sannan na miƙa hannu ta bayan akwatin,
na zare soket, ban faɗa masa ba.
Kwalaben suka huce, suka yi baƙi.
"Yanzu fa?"
"Ya ma ƙaru," ya ce.

Shekara arba'in da kunne yake saiti,
bai taɓa roƙon allura ta nuna masa hanya ba.
Wannan ɓangaren babu shi a taswira,
ba a sayar da shi a Marwa ko Njamena.
Na daɗe ina goge hannuna da tsumma.

Na mayar da wuta, na jawo masa kujera,
na ɗora yatsunsa a kan maɓallin.
"Bappa, yau da ido za mu yi.
Kalli allura. In ta rusuna, ka bar ta."
Ya dube ni, ya dubi soket. Bai ce komai ba.
Ya murɗa. Ya wuce wurin. Ya dawo.

Ya kira sau uku.
Wani ya amsa daga Abeshe, siriri kamar zare.
Na rubuta masa a bayan kwalin shayi:
yana jinka sarai.
Ya riƙe kwalin nesa da fuska, ya karanta,
ya ce in tambayi mutumin ko an yi ruwa a wajensu.