Ɗaya, a Bakin Misis Thwaite

A Whitby, inda jiragen masunta ke kwana,
Misis Thwaite ta shekara talatin da alli a hannu
kan kalma mai harafi uku: one.

Ɗaya ce in ana ƙirga, in ji ta,
amma takan riƙe wa suna wuri.
Ka ambaci kofi sau ɗaya, ya isa,
in za ka sake, ita za ka aika.
Ko jirage goma ne a gaɓa,
in ka ce ɗaya daga cikinsu,
aikatau na ɗayan ne, kada yawa ya ruɗe ka.
Wanda ya buɗe jimla da ita
kada ya yar da ita a hanya ya ɗauki he.

Bara aka binne Desmond.

Ran Juma'a a shagon kifi
mai awo ya ɗauko biyu bisa sabo.
Ta ɗaga yatsa.
Ya tambaye ta zaman gida.
Ba ta ce ni ba.
Ta ce one yakan saba,
wato mutum, wato kowa, wato ba kowa.

Tsohon ɗalibinta ne.
Ya juya jimlar yana naɗe kifin,
bai sami kuskure ba.