Zoben Soso

Tun farkon Janairu injin busar da kayanmu
yake tari a ɗakin ƙasa.
Tawul ya yi awa biyu yana juyi a ganga,
ya fito da danshi kamar hancin kare.
Wata ƙura mai laushi, toka-toka,
ta kwanta kan kwalaben tumatir da na jera,
ta kwanta kan takalman sulun jikokinmu.

A waje, Thunder Bay ta daskare har wuya.
Rigar da aka shanya a igiya a wannan wata
katako take zama, a shigo da ita a tsaye.

Mai gyara ya ce dala ɗari da arba'in
kafin ma ya taka ƙofa.
Arvo ya ji, ya girgiza kai.
Shekara talatin da ɗaya yana gyara a masana'antar takarda,
bai taɓa biyan wani ya riƙe masa sufana ba.
Amma tun shanyewar bara
hannunsa na dama yana kwance a cinya
kamar baƙon da ya ƙi sallama,
kalmomi kuwa sai ya tono su ɗaya-ɗaya.

Da zaune ya sauko mataki shida,
ya tsaya a na bakwai, tocila a hagu.
"Fulogi," ya ce. Na zare.
"Raga." Na ja matatar ƙurar daga sama,
na kwance kusoshi biyu da ke ƙarƙashinta.
Na jawo injin daga bango, gwiwata tana ƙara,
na cire murfin baya,
kusoshi tara a kofin shayi mai karyayyen hannu.

Shekara sha tara ina ɗura masa kaya,
yau na fara ganin cikinsa.
Ga maƙogwaron ƙarfe da iska ke bi,
ga zoben soso a bakinsa,
ya tsufa, ya baje, ya tsage a gefe.
Na taɓa shi, ya marmashe kamar tsohon burodi.
Ta wannan 'yar kafa zafi ke sulalewa,
mu kuma muna biyan kuɗin wuta.

Na cusa hannu, na kwaso abin da ya taru:
jan zaren rigarsa ta farauta,
farin gashin Musti, da muka binne shekara huɗu,
maɓalli, kwabo biyu, ƙaramar makama ta gashi,
da shuɗi-shuɗin bargon asibiti a sama-sama.
Na daɗe da dunƙulen a tafi
kafin in jefa shi a bokiti.

Na ɗauko sabon zoben zan liƙa.
Arvo ya buɗe baki, kalmar ta ƙi zuwa.
Ya ce "madara." Ya ce "a'a." Ya ciji leɓe.
Sai ya ɗora hasken tocila kan bakin ƙarfen,
ya riƙe shi nan, bai motsa ba.
Tsohon gam ne ya maƙale, baƙi, ban gani ba.
Na kankare da wuƙar fenti, na goge da tsumma,
hasken ya matsa gaba, na bi shi,
har muka zagaye bakin tare.

Na ɓare takardar, na danna soson da yatsa,
kusurwa ta ƙarshe ta ɗan karkace.
Hasken bai ce komai ba, na bar ta.

Da na rufe, kusa ɗaya ta rage a kofi.
Na nuna masa ina jiran faɗa.
Rabin fuskarsa ya yi dariya.
"Kullum," ya ce, ya jefa ta a aljihu.

Minti arba'in, tawul ya fito a bushe.
Na ninka shi, na ɗora kan hannun da ke kwance.
Ya dube shi, ya dube ni.
"Marlene," ya ce. "Yunwa."

Saura mataki shida zuwa sama,
ni a baya, shi a gaba.