Allon Bashi a Mashayar Farin Zomo

Ranar Litinin muka fara ɓamɓare bango,
ni da Emrys, ɗan ƙanwata, da guduma biyu.
Ruwa na zuba a kwarin nan na Wales
kamar an biya shi kuɗin zuba.

Farin Zomo ta kusa shekara ɗari biyu,
amma wani mai gida, zamanin iyayenmu,
ya lulluɓe ta da roba mai kwaikwayon katako,
ya shimfiɗa jar darduma da ta sha giya ta ƙoshi,
ya rataya talabijin a gurbin agogo.
Tsohuwa ce aka cusa cikin rigar jikarta,
ko motsi ta kasa.

Muka tuɓe ta a hankali.
Ƙarƙashin darduma, duwatsun daɓe,
kowanne ya lotsa inda mahaƙa kwal ke dogara ƙafa.
Bayan robar, murhu, an toshe masa baki da bulo.
Da muka buɗe, toka ta zubo, da sheƙar tsuntsu,
da lofe guda mai karyayyen wuya.

Rana ta tara, gefen matakala,
gudumar Emrys ta yi wata ƙara daban.
Baƙin allo ne na dutse, an rufe shi da katako,
rubutun alli bai gushe ba:
Probert, kofi uku. Gwilym Gurgu, biyar.
Tudur mai waƙa, biyu, zai biya Asabar.
Sunaye goma sha ɗaya.
Na bakwai, Idwal Maddox, kwabo huɗu.
Kakana.

Ban san shi ba. Hoto ɗaya muke da shi,
ya runtse ido saboda rana.
Asabar ɗin ba ta riske su ba.
Rami ya rufta ran Alhamis,
mai mashaya ya kasa sa wa allon tsumma,
ya kuma kasa kallonsa,
sai ya nemo ƙusa.

Na zauna a kan buhun siminti.
Emrys ya ce, shayi? Na ce, shayi.

Ceridwen Bevan, mai shekara casa'in da ɗaya,
ta dogaro sanda ta zo ganin aiki.
Na ce, komai za mu mayar yadda yake tun asali.
Ta ce, komai?
Ta nuna wata 'yar taga ta bayan gida,
faɗinta bai fi littafi ba.
Nan mata ke tsayawa, in ji ta, cikin ruwa, da kwalba a hannu.
Uwata ta tsaya, ni ma na tsaya,
dariyarsu na zuwa mana, ɗumin wutar bai taɓa zuwa ba.
Shi ma za ka mayar?

Bakina ya mutu.
Ashe tsohon gida kamar tsohon miki yake,
wani wurin ka sosa ka ji daɗi,
wani wurin jini.

Mun bar tagar, mun wanke gilashinta.
Mun goge itatuwan rufi har baƙinsu ya yi sheƙi.
Kujerar da ta fi kusa da murhu kuwa
na sassaƙa ta daidai tsawon ƙafafun Ceridwen,
ta ce na cika yi mata tauri, ta zauna dai.

Daren buɗewa hayaƙi ya ƙi hawa,
ya cika ɗaki, ana tari ana dariya,
wani dattijo ya ce haka yake tun da can
in iska ta juyo daga tudu.

Kafin a zuba wa kowa
na ajiye kwabo huɗu a kan kanta,
tsofaffin kwabbai, na gwanjo,
sun fi giyar da ya sha tsada sau hamsin.
Yarinyar da ke sayarwa ta ɗauko tsumma.
Na ce a'a, na biya, amma bar masa sunansa
cikin abokan tafiyarsa.

Ta mayar da tsumma aljihu.
Allon na nan gefen matakala,
Gwilym Gurgu na da biyar,
Tudur mai waƙa har yanzu zai biya Asabar.